Koren Fenti a Motar Zelma

Tun ranar da guguwa ta karyo reshen bishiyar pikan ya faɗo a kan a-kori-kurar Zelma, gidan mijinta Hollis Tharpe ya yi tsit. Ba wanda ya ji ciwo, don motar a ajiye take, su kuma suna ɗaki suna jin rugugin. Amma reshen ya lotsa rufin, ya tarwatsa gilashin gaba, ya lanƙwashe bonet, ya kuma ɓalle ƙofar ɓangaren fasinja.

Mutumin inshora ya zo ya zagaya motar, ya ɗauki hotuna, ya ce gyaranta ya fi darajarta. Zelma ta ce ita kam ba ta rabuwa da motarta. Ya ce to ta riƙe abarta, sai dai jiha za ta karɓe takardar mallakar ta ba ta wata mai hatimin matacciyar mota. Mota mai irin wannan takarda ba ta taka kwalta. Sai an gyara ta, jami'in jiha ya duba ya sa hannu, sannan a ba ta takardar gyararriya, a maido mata da lamba.

Fiye da shekara ashirin ke nan Zelma tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a mararrabar da ke kan hanyar teku. Da ɗanyar gyaɗa ta fara fitowa a watan Agusta, sai ta loda tukunyarta da murhun gas a bayan motar, ta kafa laima a gindin allon cocin Baptis. Kafin gyaɗa kuwa tumatir da kankana take kaiwa. Direbobin manyan motoci sun san ta, malaman makaranta sun san ta, har mataimakin sharif, wato ɗan sandan gunduma, yakan tsaya ya karɓi ƙunshinsa. Da yamma ta dawo gida da labarai cike da baki, ta zazzage wa Hollis su tun daga bakin ƙofa har a gama wanke kwanuka. Shi kuma ya yi ta gunaguni yana cewa kunnensa zai toshe.

Yanzu ga shi ya samu shirun da ya daɗe yana roƙo, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Motarsu ɗaya ce, shi ma ya daina tuƙi tun da aka canza masa gwiwar dama. Zelma takan zauna a baranda tana kallon titi, hannuwa a cinya. In ya tambaye ta wani abu ta ce "I" ko "A'a". Burodin masarar da take gasawa bai canza ba, amma Hollis ya rasa me ya sa ba ya wuce masa maƙogwaro.

Gyaran motar ya faɗa hannun Delmas, ƙanin Zelma, wanda ke da gareji a bayan gari da lasisin tayar da matattun motoci. Tsakaninsa da Hollis ba a rasa tsiya tun zamanin da Hollis ke zuwa zance wurin Zelma, Delmas ya saka masa kwaɗo a takalmi. Delmas ya haura sittin yanzu, furfura ta cinye masa gemu, amma har yau "yaro" Hollis ke kiransa.

Wata Juma'a a cikin Yuli, Delmas ya kawo motar a bayan janwe, motar ɗaukar lalatattun motoci, ya sauke ta a rumfar kayan aikin Hollis, don garejinsa ya cika. Hollis ya fito yana ɗingishi ya tsaya yana kallo. Jikin motar shuɗi ne da ya koɗe. Bonet ja ne, an ciro shi daga wurin 'yan gwangwan. Sabuwar ƙofar fara ce fat. Rufin kuwa toka-toka, ga layin walda baƙi ƙirin ya bi ginshiƙan gilashi.

"Yaro, mota ka kawo mana ko bargon faci?"

"Mijin Yaya, kai ma an canza maka gwiwa, ba mu ga an shafa maka fenti ba. Sa kunne ka ji injin, ka bar kallon riga."

Ya tayar da ita, injin ya ɗauka lafiya lau. Zelma ta sauko daga baranda ta ɗora tafin hannu a kan jan bonet ɗin, kamar mai taɓa goshin jinjiri.

"Litinin mai dubawa za ta zo gundumarmu," in ji Delmas. "Sau ɗaya take zuwa a wata. In muka wuce, takarda ta iso kafin gyaɗa. In muka faɗi, sai ƙarshen Agusta, kafin takarda ta fito an gama tonon gyaɗa."

"Haka za ka kai ta? Tsirara?" in ji Hollis.

"Fenti sai an gama dubawa. Kada ka taɓa min ita, dattijo."

Maganar ba ta shigi Hollis ba. Shekara arba'in ya yi yana fentin gidaje, kuma bai taɓa barin mai gida ko jami'in gini ya shigo ya ga aikinsa da faci a bango ba. Mai dubawa aikin da aka gama ake nuna masa. Shi a ganinsa "sai an gama dubawa" irin "sai gobe" ɗin Delmas ne, wanda tun yana yaro ba ya ƙarasa shara. Abin da ya fi ci masa rai, ran Litinin janwe zai bi ta tsakiyar gari, ta gaban shagon aski inda tsofaffi ke zama, Zelma tana gidan gaba, wannan abin kunya yana biye da ita a baya.

Ran Asabar da safe matan coci suka zo suka ɗauki Zelma zuwa taron waƙoƙi a garin da ke maƙwabtaka da su. Motarsu na shan kwana Hollis ya nufi rumfa.

Ya wanke motar tas, ya goge. Ya bi gilasai da fitilu da hannayen ƙofa da tef, a hankali, yana danne gefen da farce. Ya rataye tsofaffin zannuwan gado a bakin rumfar saboda ƙananan ƙudajen nan da ba sa barin ɗanyen fenti ya sha iska. Sannan ya sauko da gwangwanin da ya daɗe yana ɓoyo, koren fentin mai, irin wanda ya shafa wa barandarsu, mai duhu kamar ganyen gyaɗa bayan ruwa.

Hannun Hollis yakan yi rawa in ya ɗauki kofin shayi. Amma da ya kama buroshi sai hannun ya tuna kansa. Ya fara daga rufi, ya gangaro bonet, ya bi ƙofofi, yana jan buroshin dogo-dogo yadda ba za a ga sawunsa ba. Ja ya ɓace, fari ya ɓace, baƙin layin walda ya shige ƙarƙashin kore. Zufa ta jiƙe masa riga har wando, gwiwar tana zugi, bai kula ba. Da ya gama waje, sai ya buɗe ƙofar direba ya shafe cikin bakin ƙofar da ginshiƙinta, don mai fentin kirki ba ya barin inda ido ba ya kaiwa. Ya bar ta a buɗe ta ɗan sha iska, sannan ya tura ta a hankali.

La'asar ta yi sanyi lokacin da aka sauke Zelma. Ya tare ta a bakin ƙofa da fenti har a gira.

"Tsoho, me ka aikata?"

"Zo ki gani. Rufe ido."

"In na rufe ido na faɗi, wa zai ɗaga ni? Kai da gwiwar ƙarfe?"

Duk da haka ta rufe. Ya kama hannunta ya kai ta rumfa, ya yaye zanin gado.

Motar tana tsaye tana sheƙi, koriya shar, kamar yau aka sauke ta daga kamfani. Zelma ta buɗe ido. Ta zagaya ta a hankali, hannuwa a baya don kada ta taɓa. Hollis yana biye da ita yana nuna mata yadda ba ɗigo ko ɗaya, da yadda layin ya miƙe a gefen gilashi.

"Hollis, ban taɓa ganin mota mai kyaunta ba," in ji ta. "Kawo mana bokiti mu zauna. Ina so in kalle ta."

Ya kifa bokitai biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Rana ta shigo ta tsakanin katakai ta kwanta a kan bonet. Zelma ta kama hannunsa mai fenti ta riƙe a cinyarta, ba ta damu da rigar cocinta ba. Sun daɗe a haka. Hollis ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun kafin guguwa.

Can ta numfasa.

"To, na kalla na ƙoshi. Tashi ka ɗauko tina mai narkar da fenti, da tsummoki."

"Tina kuma? Na me?"

"Na goge shi, tsohona. Ba ƙyuya ce ta hana Delmas fenti ba. Doka ce. Ba a yi wa matacciyar mota fenti sai mai dubawa ta ga waldar da idonta, ta ga abin da aka canza. In ta ga fenti, ba ta ma duba, gida za ta koro mu."

Hollis ya dube ta, ya dubi motar.

"Me ya sa bai ce doka ba ce?"

"Da ya ce, za ka ji? Yaushe rabon da ka ji maganar Delmas?"

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya yi don ya maido mata da murya, shi ne zai zaunar da ita a baranda har wata shekara.

"Na kashe ki da hannuna, Zelma."

"Ba ka kashe kowa ba. Fentin mai ne, a wannan zafi mai laima ba ya bushewa da wuri. Taɓa ka ji."

Ya taɓa ƙasan madgad, fentin ya kama masa yatsa.

Ta shiga gida ta kira ƙaninta. Ba a jima ba sai ga Delmas da galan-galan na tina a bayan mota. Ya tsaya a bakin rumfa ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Yaya, wa ya rasu? Na ga an yi wa gawa kwalliya."

"Delmas, kama bakinka ka kama tsumma."

"Bari in gaisa da gwani tukuna. Mijin Yaya, sannu da aiki. Wata uku ina haɗa motar nan, rasit kan rasit, hoto kan hoto, kai kuma ka gama da ita kafin a sauko daga taron waƙa. Da fentin baranda! Saura ka kafa mata kujerar lilo a baya."

"Fentin barandar ya fi waldarka miƙewa, yaro."

"Waldata ai ita ake son gani, ba a ce a zo kallon baranda ba."

Suka buɗe rumfar gaba da baya saboda wari, suka duƙufa. Delmas ya kama rufi da ginshiƙai, Zelma ta kama farar ƙofa, Hollis ya ce a bar masa bonet. Shafin farko da ya yi da tsumma, jan ya leƙo daga ƙarƙashin koren, ya ji kamar fatarsa yake ɗayewa. Suka yi ta gurza har haske ya ƙare, ko rabi ba su kai ba.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci suka koma. Hollis dattijon coci ne, bai taɓa ɗaga buroshi ran Lahadi ba, ya tsaya yana jan ƙafa.

"Ubangiji ya ga dalili," in ji Zelma. "Kuma ba fenti kake yi ba, warware shi kake yi."

Fentin ya ƙara kamawa a cikin dare, sai da suka haɗa da wuƙar kankare fenti da buroshin ƙarfe. Zelma ta kawo shayi mai ƙanƙara da soyayyar kaza, suka ci a tsaye da hannuwa masu warin tina. Hollis ya lura tana magana. Tana faɗa wa Delmas wadda ta yi kuskuren baiti a taron jiya, da wadda ta kawo wake bai nuna ba. Ba kamar da ba, amma dai magana ce.

Da yamma motar ta koma bargon facinta, har ta fi da muni, don tina ta dusashe shuɗin. Delmas ya bi layin walda da ɗan yatsa ya ce ya yi.

Hollis kaɗai ya san saura wuri ɗaya. Ba wanda ya buɗe ƙofar direba. Ya kai hannu zai buɗe, sai ya fasa. Reshe bai taɓa wannan gefen ba, babu walda a wurin, babu abin da aka canza. Me zai ɓata in ɗan koren ya zauna a inda Zelma kaɗai za ta riƙa ganinsa duk safiya in za ta shiga? Ya mayar da hannunsa aljihu.

Litinin da sassafe Delmas ya zura hannu ta taga ya riƙe sitiyari, igiyar janwe ta ja motar sama. Su uku suka matsu a gidan gaba. Da suka zo gaban shagon aski tsofaffin suka ɗaga kofunan kofi, ɗaya ya yi fito. Hollis ya kafe ido a titi, Zelma kuwa ta leƙa ta ɗaga musu hannu kamar mai tafiya biki.

"Dattijo, roƙo ɗaya nake maka," in ji Delmas. "In mun isa, kai kurma ne kuma bebe. Ko sunanka aka tambaya, ni zan amsa."

Wurin dubawar wani fili ne a bayan rumbun ajiye auduga, an jera motoci masu faci iri-iri, kowa da jakar takardunsa a hammata. Mai dubawar wata mace ce doguwa, Madam Gaskins, da tabarau rataye a wuya da ƙaramar tocila a aljihun riga. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da faɗa. Ta karɓi hotunan motar na kafin gyara, ta gwada su da abin da ke gabanta. Ta duba lambar motar da aka ciro bonet daga jikinta, ta duba ta ƙofar. Ta hau kan taya ta haska layin walda, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa.

"Aikin nan ya kamu, Mista Delmas," in ji ta.

Delmas ya dubi Hollis ya ɗaga gira.

Ta shinshina iska. "Warin tina nake ji."

"Mun ɗan wanke ta ne, ranki ya daɗe."

Ta zagayo gefen direba ta kama hannun ƙofa ta ja. Ƙofar ta ɗan manne, sannan ta buɗe da ƙara. Koren fenti ya bayyana yana sheƙi daga sama har ƙasa, sabo ful.

Delmas ya dafe kai. Zelma ta juyo ta dubi mijinta. Hollis ya dubi takalmansa.

Madam Gaskins ta saka tabarau.

"A nan lambar kamfani take, a jikin ginshiƙin nan. Ban gan ta ba. Wa ya yi wannan?"

"Ranki ya daɗe, wato, abin da ya faru..." Delmas ya fara.

"Na ga irinsa da yawa," in ji ta, murya a kwance. "Mutum ya sato mota, ko ya haɗa rabin wannan da rabin waccan, sai ya yaɓa fenti a gurguje a kan lamba don kada a gane."

"Yaɓawa?"

Kowa ya juya. Hollis ne, fuska ta yi ja.

"Dattijo," in ji Delmas ta tsakanin haƙora.

"Bar ni, yaro. Ranki ya daɗe, ki ƙara haskawa ki duba da kyau. Ina kika ga an yaɓa? Ina ɗigo? Ina sawun buroshi? Shekara arba'in ina fenti, ban taɓa shafa wa makunnin lantarki ba, balle rubutu!"

Ya ɗingisa ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya, ya sa farce a jikin ginshiƙin, ya ɗago gefen tef ya ja. Ƙarƙashinsa ga takardar kamfani fes, lambobinta a jere, ko ƙwarzane babu.

Madam Gaskins ta sunkuya ta karanta lambar, ta gwada da ta gindin gilashin gaba, ta gwada da ta takarda. Sannan ta miƙe ta dube shi ta saman tabarau.

"Ashe kai ne mai fentin. Ina sauran?"

Hollis ya ga ba sauran ɓoyo. Ya faɗa mata komai, tun daga shagon aski har bokitai biyu. Ya ce Delmas bai sani ba, matarsa ma ba ta san ya bar wannan wurin ba.

"Na so ne in ta buɗe ƙofa ta ga abu ɗaya mai kyau," in ji shi. "Laifina ne ni kaɗai. In akwai wanda za a kora, ni ne. Ita gyaɗa na jiranta."

Matar ta juya tocila a hannu.

"Yallaɓai, ba don ƙin kyau aka hana fenti ba. Rufin nan in waldarsa ta ƙarya ce, ranar da motar ta kife a kan matarka zai rufta. Fenti ba ya gaya min gaskiya, ƙarfe ke gaya min. A ƙa'ida ina iya cewa ku dawo wata mai zuwa." Ta dubi layin motocin da ke jira. "Na ga waldar gaba da idona. Wannan ginshiƙin ne ban gani ba, kuma shi ma yana riƙe da rufi. Zan duba motoci biyun can. In na dawo na tarar da ƙarfe, zan duba ƙarfe. In na tarar da fenti, sai Agusta."

Ta wuce. Delmas ya ruga janwe ya ɗauko ragowar tina da tsumma.

"Matsa, dattijo, na fi ka sauri."

"Ba ni nan. Ni na shafa."

Ya mayar da tef ɗin kan lambar ya danne, don kada tina ta cinye rubutun. Ya jiƙa tsumma. Fentin nan ya kwana biyu, ya kama sosai, sai da ya haɗa da wuƙar aljihu. Rana ta take, kwalta tana huci, ƙudajen suka taru masa a ido. Sai ya ji inuwa ta sauko masa. Zelma ce ta tsaya a kansa, ta cire faffaɗar hularta tana kare masa rana, tana kora masa ƙudaje da ɗaya hannun.

"Ka yi wauta, Hollis," in ji ta a hankali.

"Na sani."

"Amma na gan shi kafin ka goge. Ya yi kyau."

Bai ɗago ba, don idonsa ya ciko, ya bar wa tina laifin. Ya ci gaba da gurza, kore yana komawa kan tsumma, tsohon shuɗin yana fitowa. Gwiwar tana zugi har cikin ƙugu. Lungun da wuƙa ba ta shiga, Delmas ya miƙo masa sukudireba a naɗe da ƙyalle.

Da Madam Gaskins ta dawo, Hollis ya kasa tashi sai da Delmas ya kama shi ta hammata. Ta haska ginshiƙin, ta ƙwanƙwasa shi da gindin tocila, ta bi haɗin kamfani da yatsa. Ta ɗaye tef ɗin da kanta ta miƙa wa Hollis. Sannan ta ɗora takarda a kan jan bonet ta sa hannu.

"Takardar za ta zo ta gidan waya. Za ta ce gyararriya, kuma haka za ta riƙa cewa har ƙarshen ran motar, ko an sayar wa wani. Daga yau ku shafa mata abin da kuka ga dama." Ta juya ga Zelma. "A wace mararraba kike?"

"Gindin allon cocin Baptis, kan hanyar teku."

"Da barkono kike yi ko gishiri zalla?"

"Duka biyun, 'yata."

Matar ta gyaɗa kai ta kira mota ta gaba.

Takardar ta iso a sati na biyu na Agusta, Delmas ya kai Zelma ta karɓo lamba, ya ɗaura da kansa. Hollis ya ce yanzu sai a ba shi kwana uku ya yi aikin yadda ya kamata, da fentin mota na gaske. Zelma ta ce ko yini ɗaya ba ta bayarwa, an fara tonon gyaɗa a gonar su Purvis tun shekaranjiya, fenti ya jira sanyi.

Washegari da hantsi suka loda tukunya da murhu da laima. Hollis ya hau ta farar ƙofa ya zauna, ya rungume bokitin gishiri a cinya. Zelma ta gyara madubi, ta tayar da mota, ta fito daga rumfa. Da tayoyin suka bar tsakuwa suka hau kwalta, ta saki wata ajiyar zuciya, ta taka mai.

"A hankali mana! Tukunya za ta kife!"

"Tukunyar nan ta san hanya fiye da kai. Kai, ka ga an sare itatuwan gidan Odom? Ai na ji an ce ɗansu ne ya dawo daga soja, shi da matar da ya auro a can, wai ba ta cin naman alade, uwar kuwa ka san ta da girki, to ran Lahadin farko da suka zauna cin abinci..."

"Zelma, titi."

"Ina kallon titi. Ina na tsaya? Yawwa, ran Lahadin farko..."

Hollis ya gyara zaman bokitin, ya jingina kai da kujera.

"Kunnena zai toshe," in ji shi. "To, sai aka yi yaya?"